Shuɗin Faifan Gwantu da Ba a Wanke Ba

Wanda ya fara neman aure da faifan kwamfuta a ƙasar Kafanchan, iyakar abin da manya suka riƙe, shi ne Azariya ɗan marigayi Kambai na Nok, a daminar shekara ta dubu ɗaya da ɗari tara da casa'in da biyar. Kafin shi an nemi aure da goro, an nema da ɗan aike, an nema da wasiƙar da ake danƙa wa ma'aikacin jirgin ƙasa, har an yi zamanin da saurayi kan ɗauki muryarsa a kaset ya aika. Amma a zuba magana a cikin wata 'yar roba mai kusurwa huɗu wadda ba ta fi tafin hannu ba, a ba direba ya kai wani gari, wannan ba a taɓa jin sa ba sai a kansa.

Azariya yana aiki ne a shagon buga takardu na Alhaji Mijinyawa, a layin da ke bayan tashar jirgi. Alhaji tsohon falken citta ne wanda ya daɗe yana sayen amfanin gonar Kambai. Da Kambai ya rasu, matarsa ta bi shi ba da daɗewa ba, Alhaji ya ɗauko ɗan da suka bari, ya tura shi Kaduna ya koyo aikin kwamfuta, sannan ya zaunar da shi a gaban wadda ya sayo. A shekarun da suka biyo bayan rikicin garin, lokacin da maƙwabci kan sauya hanya don kada ya gaisa da maƙwabcinsa, mutane sun yi ta maganar wannan zama na Alhaji da ɗan majami'a. Alhaji bai taɓa tanka wa kowa ba.

Duk da wannan gata, Azariya mutum ne shi kaɗai. A wani ɗan ɗaki bayan shagon yake kwana, shi yake dafawa, shi yake ci, shi yake wanke kwanonsa guda. Ranar Lahadi bayan sujada yakan taka zuwa tasha ya zauna a kan benci. In an yi sa'a jirgi ya shigo, sai ya yi ta kallon masu tarbar 'yan'uwansu, alhali ya san babu wanda zai sauko ya kira sunansa.

Wata ranar Talata ana tsuga ruwa, wata budurwa ta faɗo shagon, takalminta a hannu, ta rungume wani ƙulli a ƙirji kamar mai ɗauke da jariri.

“Sannu da aiki, Buroda. Nan ne ake firintin?”

“Nan ne, Sista. Sannu da ruwa. Ga kujera.”

Ta kwance leda, ta kwance ɗankwali, ta kwance wata ledar, sannan baƙin faifai ya bayyana a bushe sarai, ita kuwa ruwa yana ɗiga daga gashinta. Ta ce sunanta Tamar, ita ce mai buga takardu a ofishin wata ƙungiyar manoma a Gwantu. 'Yan mishan sun ba su kyautar kwamfuta, amma ba su haɗo da firinta, injin da ke fitar da rubutu a takarda, ba.

Azariya ya zura faifan a bakinsa, ya buga harafin A da ɗigo biyu, ya danna babban madanni. Kwamfuta ta yi gurnani, wata 'yar koriyar fitila ta kama a gefen bakin, sunayen abin da ke cikin faifan suka jeru a allo. Ya buga mata takardunta, ya gyara wani layi da ya karkace, ya umarci kwamfuta ta adana gyaran a faifan. Tamar, da yake tana saurin kada motar Gwantu ta tafi ta bar ta, ta kai yatsa za ta danna abin da ke turo faifai waje.

“Tsaya!”

Ya tare hannunta da bayan nasa kafin ya san ya yi. Suka dubi juna, ya janye da sauri.

“Yi haƙuri, Sista. Ba a zare faifai fitilar nan tana ci. Yanzu haka rubutu take yi a cikinsa. In aka fizge, abin da take rubutawa ya lalace, wani lokaci har ya ja wanda ke ciki tun da.”

“Kamar jirgi ke nan,” in ji ta. “Babana a reluwe ya yi aiki har ya yi ritaya. Kullum yana cewa ba a sauka sai jirgi ya tsaya cak.”

“To haka ne.”

Suka tsaya su biyu suna kallon 'yar fitilar, ruwa yana dukan kwano. Da ta mutu, Azariya ya ji da ma ta ƙara ci kaɗan.

Tamar ba za ta iya zuwa Kafanchan kowane mako ba, saboda haka aka shirya ta riƙa ba Saifullahi, direban ƙaramar bas mai bin hanyar Gwantu, faifan a cikin ambulan. Azariya ya buga takardun, ya mayar da su tare da faifan. Haka aka yi ta yi, babu gaisuwa, babu saƙo, har ranar da ya ga wani ɗan kuskure. Yana iya gyarawa ya yi shiru. Maimakon haka, ya buɗe sabon fayil ya sa masa suna TAMAR, ya rubuta:

“Sista Tamar, sannu da aiki. A shafi na biyu kin rubuta Kagoma sau biyu, na cire ɗaya. Da fatan ruwan ranar nan bai sa miki mura ba. Azariya.”

Da faifan ya dawo, ya ga wani sabon suna a ƙarshen jeri. Nasa ne.

“Buroda Azariya, na gode. Kagoma garinmu ne, shi ya sa hannuna ke maimaita shi. Mura ta kama ni amma ta sake ni. Ka san kwamfuta ba ta karɓar sunan da ya wuce haruffa takwas? Naka bakwai ne, da ƙyar ta bar ka ka shiga. Tamar.”

Ya karanta har Alhaji ya tambaye shi ko allon ya maƙale ne.

Don kada maganarsu ta cakuɗa da ta manoma, Azariya ya sayi wani faifai shuɗi, nasu su kaɗai, ya riƙa tafiya cikin ambulan tare da baƙin. A cikinsa ya san cewa ita ma baƙuwa ce a Gwantu, a ɗakin haya take, babu mai jin yarensu a gidan, kuma in an kashe janareta da la'asar sai ta rasa wanda za ta ce wa uffan. Ta raɗa masa suna Mai faifai. Shi kuwa, da ya ji fasto ya ce ma'anar Tamar itacen dabino ne, bai sake kiran ta Sista ba.

“Dabinona,” ya rubuta wata rana, “yau jirgi ya shigo. Wata mata ta sauko da gyale irin naki, na miƙe tsaye kamar wawa. Mijinta ya harare ni.”

Ta amsa: “Mai faifai, ka bar harar matan mutane. Ni kuma jiya na dafa faten acca, ban lura ba sai da na ga na zuba kwano biyu. Na cinye nawa, na zauna ina kallon ɗayan har ya huce.”

Damina ta wuce, kaka ta wuce. Sun haɗu ido da ido 'yan lokuta a bakin shagon, amma abin mamaki, a fili kunya takan ɗaure musu harshe, sai su ɓige da maganar firinta. Abin da ke zuciya sai a faifai.

Bayan Kirsimeti saƙonta ya zo da nauyi.

“Mai faifai, na gaya wa Baba. Bai yi faɗa ba, gara ma da ya yi. Ya ce mutumin da ya bar gonar ubansa ta zama daji, ya zauna yana danna talabijin, da me zai riƙe mace? Ya ce bai san fuskarka ba, bai san danginka ba, kuma tun kakanni ba a taɓa ba akwatin kwamfuta mata ba. Akwai wani Dogara, dillalin citta, yana yawan zuwa ofishinmu da sabon babur. Ya riga ya je ya gaida Baba, kuma bai je hannu sake ba. Ban ce wa Dogara komai ba. Ina jin tsoro.”

Wannan magana ta taɓa Azariya a inda ya fi ciwo. Al'ada tun fil azal ita ce namiji ya turo magabatansa, shi kuwa duk danginsa da ya sani a duniya tsohuwa ɗaya ce, Inna Afiniki ƙanwar mahaifinsa, wadda ke tsare da rusasshen gidansu a Nok. Ya yi ta jinkiri, yana rubuta mata labarin jirgi da na kasuwa, yana kewaye maganar kamar mai kewaye rijiya. Sai da bazara ta kama, zafi ya fara tsanani, sannan ya yi ƙarfin hali.

“Dabinona, ba ni da babur, ba ni da uba, ba ni da wa. Amma ina so ki zama matata a gaban Ubangiji da gaban jama'a. In kin yarda, zan nemo masu tsaya mini ko da zan bi Nok gida-gida. In ba ki yarda ba, kada ki wahalar da kanki da neman kalmomi. Ki dawo da faifan ba tare da kin rubuta komai ba, zan gane, kuma ba zan riƙe ki da laifi ba.”

Ranar da Saifullahi ya kawo ambulan, Azariya bai ko dubi baƙin faifan ba. Ya zura shuɗin, ya buga A da ɗigo biyu, ya danna. Fitila ta kama. Kwamfuta ta yi gurnani, ta sake yi, irin wanda bai saba ji ba, kamar tana taunar tsakuwa. Babu sunan da ya jeru. Sai wani layi ya fito yana cewa ba ta iya karanta abin da ke bakin A ba, tana tambaya: a bari, a sake gwadawa, ko a haƙura?

Ya ce a sake gwadawa. Ta sake tambaya. Ya zare faifan, ya hura, ya mayar. Ta sake tambaya. Ya yi ta danna harafi ɗaya har yatsansa ya gaji, amsar ba ta sauya ba.

Shi dai abin da ya ce mata shi ne in ba ta yarda ba, ta dawo da shi babu sabon rubutu. Ita kuwa, a ganinsa, ta wuce nan: ta share har na baya. Murar da ta kama ta, matar jirgi, kwanon fate na biyu, duk sun tafi. Mako na zagayowa ya daure ya tambayi Saifullahi ko lafiya take.

“Lafiya lau,” in ji direban, yana goge gumi. “Ai ranar jajibirin Ista na gan ta a bayan babur ɗin Dogara, sun nufi Kagoma.”

Azariya ya yi masa godiya. Ya jefa shuɗin faifan a cikin durowa. Tun daga ranar baƙin kaɗai ke zuwa, yana komawa. Yakan duba jerin sunayen da ke cikinsa har ƙasa, ko za a ga nasa. Babu, sai rahoton taki da sunayen manoma. Ya daina zuwa tasha ranar Lahadi. In an tashi daga sujada sai ya koma ɗaki ya rufe ƙofa, ya zauna yana jin mutane suna wucewa biyu-biyu suna hira.

Ruwan farko ya sauka, Alhaji Mijinyawa yana neman almakashi a durowa sai ya ci karo da faifan.

“Wannan fa? Na ga ka daina aika shi.”

“Ya lalace, Alhaji.”

“To ka wanke shi mana, a mori abinsa.”

Wankin faifai umarni ne da ke share duk abin da ke ciki, mai kyau da marar kyau, ya mayar da shi kamar sabo. Azariya ya zura shi, ya buga umarnin. Kwamfuta ta ce ya danna babban madanni in ya shirya. Yatsansa ya tsaya a sama, ya ƙi sauka.

Alhaji ya jawo kujera ya zauna, abin da ba ya yi a lokacin aiki.

“Ɗan Kambai, ni ban san bokon akwatin nan ba. Amma kunnena yana shagon nan. Sau nawa na ji ka kana ce wa mutane faifai ɗan aike ne, ba shi ne mai maganar ba? Ka ce in ya lalace a hanya, a koma inda aka rubuta shi.”

“Haka ne, Alhaji.”

“Ina falke, in buhun citta ya iso mini a jiƙe, ba na zama a nan in ce manomi ya cuce ni. Ƙafa nake sawa in je in ga rumbunsa. Ubanka ma na taɓa yi masa haka, ashe rufin taragon jirgi ne ke yoyo. Kai kuma yarinya ta aiko maka da jiƙaƙƙen buhu, ka zauna kana rama kamar kazar da ta sha ruwan sama.”

Azariya ya ɗago kai da sauri. Bai taɓa gaya masa ba.

“Kada ka dube ni. Wanda ke yi wa allo murmushi ba rahoton taki yake karantawa ba. Zare abinka. Gobe ba na son ganin ka a shagon nan.”

Azariya ya soke umarnin, ya jira har ya tabbata fitila ba ta ci, ya zare faifan.

Washegari da hantsi bas ɗin Saifullahi ta sauke shi a Gwantu. Ƙarar janareta ce ta kai shi ofishin. Tamar tana zaune ita kaɗai tana buga wani abu. Ta rame, har ƙashin wuyanta ya fito. Da ta gan shi hannunta ya tsaya, amma ba ta miƙe ba.

“Buroda Azariya. Akwai kuskure a takardun ne?”

Buroda. Ya haɗiye wannan.

“Ina so ki buɗe wannan a taki kwamfutar.”

Ta dubi shuɗin faifan kamar ba za ta karɓa ba, sannan ta zura. Gurnanin nan ya tashi. Tambayar nan ta fito. Tamar ta matso da fuskarta kusa da allon.

“Mene ne wannan? Ina rubutunmu?”

“Haka ya iso mini. Na ɗauka amsarki ke nan.”

“Amsata?” Ta miƙe tsaye, kujera ta faɗi. “Shafi guda cur na rubuta maka! Na ce maka Baba ya sassauta, ya ce in da gaske kake mutanenka su zo ranar Litinin ta Ista. Na rasa mota, na roƙi Dogara ya kai ni gida don kada in makara. Na share tsakar gida, na dafa abinci na baƙi. Na zauna a bakin hanya tun safe har kaji suka shiga akurki. Baba bai ce komai ba sai ‘Kin gani?’ Yanzu ya ce wa mutanen Dogara su kawo gaisuwa ƙarshen watan nan.”

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

“Na ce ka karanta, ka ji tsoro, ka gudu. Ko faifan ba ka dawo mini da shi ba.”

Azariya ya ɗaga kujerar ya tsayar. Ya ce, “Ranar da kika rubuta, yaya kika cire shi?”

“Yadda na saba mana. Na gama, na ce ta adana, sai...” Ta tsaya. “Sai Dogara ya shigo ta bayana, ya sunkuyo yana cewa bari ya ga abin da ke sa ni murmushi. Na danna, na fizge, na cusa a jaka.” Ta ɗora hannu a baki. “Wayyo Yesu. Fitilar tana ci.”



“Kin bar kwafi a cikin kwamfutar?”

“A'a. Ciyaman ƙungiyarmu yana buɗe ta. Kai tsaye a faifan nake rubuta namu.”

“To, Dabinona, abin da kika rubuta babu shi ko'ina a duniya. Babu a Kafanchan, babu a Gwantu. Sai a bakinki.”

Ta sunkuyar da kai. Kunyar nan da ta saba ɗaure su ta taso, amma yau babu faifan da za a fake da shi.

“Shafi guda ne fa,” ta ce a hankali.

“Ba ni layin farko.”

“Na yarda, Mai faifai. Tun ranar ruwan nan na yarda.”

Asabar ta gaba aka ga abin da Kagoma ta daɗe tana labari: Alhaji Mijinyawa da babbar rigarsa, Inna Afiniki da sandarta, da wani dattijon majami'ar Nok, sun sauka a ƙofar gidan Baba Obadiah mahaifin Tamar, Azariya yana biye da su. Baba Obadiah dogo ne, tsayayye, har yanzu agogon reluwe yana ɗaure a hannunsa. Ya ƙura wa Alhaji ido.

“Ba kai ne mai rigima a kan tarago ba? Mai cewa a fara loda cittarsa?”

“Ni ne. Kai kuma mai cewa doka ta hana.”

Suka yi musabaha mai tsawo, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa. Amma da aka zo kan magana, fuskar Baba ta koma ta aiki.

“Alhaji, girmanka ya kai. Mama, sannu da hanya. Amma kun makara. Na ba da rana, ba a zo ba. Jirgi in ya tashi ba ya dawowa saboda fasinja ɗaya.”

Azariya ya durƙusa.

“Baba, laifina ne. Na aika akwati inda ya kamata in aiko ƙafa. Na ji kunyar ba ni da dangi, na ɓuya a bayan allo. Ban zo da hujja ba, fuskata na kawo.”

Bai ambaci fitila ba, bai ambaci wanda ya fizge faifai ba. Tamar ce, daga bakin ƙofar ɗaki, ta kasa daurewa.

“Baba, saƙon bai kai ba ne. Ni na ɓata shi. Na zare abin tun bai gama rubutu ba.” Ta yi ƙasa da murya. “Na sauka jirgi yana tafiya.”

Baba Obadiah ya juya ya dube ta.

“Ke? 'Yar reluwe?”

Inna Afiniki ta fashe da dariya, Alhaji ya rufe baki da hannun riga. Baba ya yi ƙoƙarin riƙe fuskarsa, gefen bakinsa ya ci amanarsa. Ya daɗe yana duban agogonsa kamar a nan amsar take.

“Ban karɓi gaisuwar kowa ba tukuna,” ya ce daga ƙarshe. “Gidan su Dogara ni zan je da ƙafata in ba su haƙuri, don ba su yi mini laifi ba. Amma kai, yaro, saurara. Da na nemi uwar yarinyar nan, ubanta bai tambaye ni albashin reluwe ba. Gona ya nuna mini. Shi ma haka surukinsa ya yi masa. Ba ni zan karya wannan ba. Gonar Kambai ta tashi a daminar nan, in zo in gani da idona. In ta tashi, ka sami mata.”

Kowace Juma'a da yamma Azariya yakan hau motar Nok. Ya sare dajin da ya cinye gonar ubansa, ya yi kaftu, ya dasa irin cittar da Alhaji ya nemo masa, ya yi ta jido ganye da ciyawa a ka yana rufe ta kamar yadda ake yi. Hannun da ya saba da madannai ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Ranar Litinin da yatsa biyu yake buga takardu. A Asabar ta uku, yana cikin jido, ya ji motsi a bayansa: tsofaffin abokan ubansa ne da 'ya'yansu, kowa da fartanya, ba wanda ya gayyace su.

“Mun ga hayaƙi a gidan Kambai,” in ji ɗayansu. “Muka ce bari mu ga ko wane ne.”

Mutumin da ya ce ba shi da dangi ya juya baya don kada a ga idonsa.

Da citta ta yi kore shar, Baba Obadiah ya zo a bayan babur ɗin haya. Ya zaga gonar, ya tona gindi ɗaya da yatsa, ya shinshina, ya mayar da ƙasa.

“Wancan gefen rufin bai yi kauri ba,” ya ce. “Ka gyara, ɗana.”

An ɗaura auren bayan an haƙe citta, a majami'ar Kagoma. Zumuntar Mata ta raira waƙa har muryoyi suka dishe. Alhaji Mijinyawa da iyalinsa suka zauna a inuwar mangwaro a sahun iyayen ango, Saifullahi ya ɗaure wa bas ɗinsa ganyen dabino, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa shi ne ya yi dakon auren nan bai sani ba. Dogara bai zo ba, amma shi ya sayi cittar, kuma bai tauye mudu ba. Baba Obadiah ya ɗora hannu a kan su biyu ya ce, “Ubangiji ya sa albarka. Ya ba ku haƙurin jiran juna. Ya cika gidanku da ƙafafu.” Jama'a suka amsa da amin.

In za a lissafa abin da aka samu: Azariya ya sami mata, ya sami uba, ya sami gonar da ta tashi da dangin da bai san yana da su ba. Alhaji ya sami mai buga takardu ta biyu, wadda ta fi na farkon sauri. Kwanon fate na biyu ya sami mai ci tun da zafinsa. Abin da aka rasa shi ne maganar watanni masu yawa da shafi guda cur, waɗanda babu wanda zai sake karanta su. Abin da aka riƙe kuwa shuɗin faifan ne, yana ƙasan akwatin Tamar a naɗe cikin ɗankwalin ranar ruwa, ba a wanke shi ba, ba kuma za a wanke ba. Aka kuma riƙe wata doka a gidan, wadda 'ya'yansu suka tashi suka tarar: in ɗaya yana magana, ɗayan ya yunƙura zai tashi cikin fushi, sai a ce masa, “Zauna. Fitila tana ci.” Kuma yakan zauna.